Aiki daga gida a tsohon gari irin Quedlinburg: me ake dubawa kafin a sa hannu a takardar haya?

Baban Walid: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ce take ta dawowa a zauren nan. Mutum yana da aikin da kwamfuta da intanet kawai yake buƙata, haya a Berlin ko Hamburg ta fi ƙarfinsa, sai ya ga hotunan ƙananan garuruwan nan masu tsofaffin gidajen katako da yaɓen laka, ya ji ana cewa haya da araha. Mu ɗauki gari ɗaya mu tattauna a kansa don kada magana ta watse. Na zaɓi Quedlinburg, a gindin tsaunukan Harz cikin jihar Sachsen-Anhalt ta ƙasar Jamus. Mutanensa sun ɗan haura dubu 20, yana da irin waɗannan gidaje wajen 2000, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994. Waɗanda suka san kan abin, bismillah.

Injiniya Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Ni daga waya zan fara, don ita ce gonar mai irin wannan aikin. Kada kowa ya tambaya ko garin yana da intanet mai ƙarfi. Gidan za a tambaya, da sunan titi da lambarsa. Gida biyu a layi ɗaya, ɗaya ya samu megabit 250, ɗayan ko 50 bai kai ba. Dalili shi ne yawancin tsofaffin gidajen ta wayar tarho ta tagulla suke samun intanet, kuma ƙarfinta raguwa yake yi da nisa. Daga akwatin nan mai launin toka da ke bakin titi zuwa gidanka, in an wuce 'yan ɗaruruwan mita, saurin ya fara zubewa. Sannan ga wayar cikin gidan kanta, daga inda layi ya shigo a ɗakin ƙarƙashin ƙasa zuwa soket ɗin ɗakinka, wadda ta yiwu ta shekara arba'in ana ƙulla ta ana ƙarawa.

Abin yi kafin sa hannu: shiga shafin kamfani biyu ko uku na intanet ka sa cikakken adireshin, su nuna maka abin da za su iya kawowa. Duba taswirar gwamnati da ake kira Breitbandatlas. Ranar ganin gida ka nemi a nuna maka soket ɗin tarho, ka tambayi sunan wanda ya tashi daga ɗakin, don kamfanin yakan nemi sunan don gane layin. Kuma ka dubi saurin turawa, ba na saukewa kaɗai ba. Taron bidiyo mai kyau yana cin megabit 3 zuwa 4 na turawa. In mata da miji duka suna aiki, ana kuma tura manyan fayiloli, layin da ke tura 10 zai matse, wanda ke tura 40 ya wadatar.

Maman Iman: Injiniya, ka bar maganar lokaci. Daga ranar da aka nemi layi zuwa ranar da ma'aikaci zai zo ya haɗa, ana iya yin makonni. Mai aiki daga gida ba shi da waɗannan makonnin. Don haka a nemi layin tun ranar da aka sa hannu a haya, ba ranar tarewa ba. Kuma ranar da aka ce ma'aikacin zai zo, lallai sunanka ya kasance a jikin ƙararrawar ƙofa da akwatin wasiƙu, makullin ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma yana hannunka. A Jamus ba lambar ɗaki ake bi ba, suna ake bi. In bai ga suna ba juyawa zai yi, sai a sake sa wata rana.

Injiniya Ɗan Zariya: Haka ne Hajiya. A tanadi katin waya mai data da yawa na wannan tsakanin, amma a gwada shi a cikin ɗakin da za a yi aiki, ba a tsakar titi ba. Ƙasan waɗannan gidaje galibi dutse ne mai kauri, samansu katako da laka da kara. Laka tana riƙe danshi, danshi kuma yana shanye siginar. Wannan ne ya sa wayafai yake mutuwa daga ɗaki zuwa ɗaki ko da layin da ya shigo lafiyayye ne. Magani mafi tabbas shi ne a ja waya daga rauta zuwa tebur. Akwai siririyar waya mai faɗi da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa ba sai an huda komai ba. Ƙananan na'urorin nan da ke tura intanet ta soket ɗin lantarki ban ba da shawararsu ba a tsohon gida: wayar wutar ta tsufa, kuma sukan dagula layin tarhon kansa ya riƙa yankewa.

Abu na ƙarshe. In kamfani ya sayar maka da 100 yana ba ka 30, kana da haƙƙin rage kuɗi ko fita daga yarjejeniya, amma sai da hujja. Hukumar sadarwa ta tarayya tana da manhajar awo ta kwamfuta. Za ka yi awo 30 a ranaku uku daban-daban cikin kwana 14, da waya a jone, ba ta wayafai ba. Takardar da ta fitar ita za ka tura wa kamfanin.

Ɗan Damagaram: To in an kawo faiba fa, wato wayar intanet ta zaren gilashi? Ba ta warware duk wannan ba?

Injiniya Ɗan Zariya: Tana warwarewa, sai dai ba ɗan haya ke da ikon shigo da ita ba. Mai gida ne zai yarda a huda bango. In kuma gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi, duk abin da zai taɓa fuskarsa sai da izinin ofishin kula da su na gundumar Harz. Har kwanon satalayit da sauya taga. Don haka in mai gida ya ce "faiba tana nan tafe", ka tambaye shi ko ya riga ya sa hannu a takardar izinin shigowa da ita. In bai sa ba, ka yi lissafinka da wayar da ke bango yau.

Malam Habu Mai Lissafi: Ni inda nake ganin mutane suna faɗawa rami shi ne kuɗin ɗumama ɗaki. Farashin da ake gani a talla sau da yawa tsurar haya ce, abin da suke kira Kaltmiete. A kanta ake ɗora kuɗin ruwa, shara, share bututun hayaƙi, inshorar gini, wani lokaci da ɗumama. Wannan ƙarin kuma ƙiyasi ne ake biya wata-wata, sai shekara ta ƙare a yi lissafin gaskiya, mai gida yana da wata 12 ya kawo shi. Wanda yake fita ofis yana rage hita da safe. Mai aiki daga gida hitarsa a kunne take tun safe har dare daga Oktoba zuwa Afrilu. In an yi ƙiyasin ne da tsohon ɗan haya mai fita aiki, cikon da zai zo maka zai iya zama ɗaruruwan Yuro a lokaci ɗaya.

Ga kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. A gidan zamani doka ta tilasta mai gida ya nuna maka takardar da ke bayyana yawan makamashin da gidan ke ci. Gidajen tarihi an cire su daga wannan dokar. Ke nan gidan da ya fi buƙatar ka ga takardar, shi ne ba dole a nuna maka ba. Sai ka nemi lissafin shekarar da ta wuce, ka tambayi irin hitar. In ta gas ce da tukunyarta a cikin ɗakinka, kai za ka ƙulla yarjejeniya da kamfanin gas, ba ta cikin kuɗin da ka ba mai gida. In irin tsohuwar hitar lantarki ce mai tara zafi da dare, ita ce mafi tsada, a yi tunani sau biyu. Ranar karɓar makulli a ɗauki hoton kowace mita. Kuɗin jingina kuwa doka ta ce kada ya wuce tsurar hayar wata uku, kuma kana da damar biya kashi uku.

Maman Iman: Malam Habu, a haɗa da funfuna, don tare suke tafiya da maganar hita. Mutum ya ji tsoron kuɗi ya kashe hita a ɗakin kwana, ya rufe tagogi ruf, ga girki mai tururi, ga shanya a cikin ɗaki, ga numfashin mutane wuni guda. Danshin nan bango mafi sanyi yake nema, sai ka ga baƙi-baƙi a lungu ko bayan kabad. In ta fito, rigima ce da mai gida kan laifin wa ne, kuma tana taɓa ƙirjin yara.

Tsarin da ke aiki: a buɗe tagogi warwar minti 5 zuwa 10, sau uku ko huɗu a rana, a rage hita lokacin. Barin taga a ɗan karkace wuni guda ba ya fitar da danshi yadda ya kamata, sanyaya bangon kusa da ita yake yi. Kada wani ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 16. A bar tazarar kamar yatsu huɗu zuwa tafin hannu tsakanin kabad da bangon waje. A sayi ɗan ma'aunin danshi, bai fi Yuro 10 ba, a ajiye shi kan tebur. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 lafiya, in ya zauna sama da 60 a buɗe taga. Bayan an dafa abu mai daɗewa a wuta kamar wake ko ganda, a rufe ƙofar kicin a buɗe tagarsa.

Injiniya Ɗan Zariya: Kuma kada a ce za a sayi ƙaramar hitar lantarki a sa ƙarƙashin tebur. Fiyus mai amfiya 16 yana ɗaukar wat 3680. Hita 2000, butar shayi 2000, in layinsu ɗaya wuta tana iya ɗaukewa, rauta da kwamfuta su mutu ana tsakiyar taro. A tsofaffin gidaje ɗakuna biyu ko uku sukan raba fiyus ɗaya. A gwada tun ranar farko a san wane soket ke kan wanne.

Saboda duk waɗannan, ra'ayina shi ne mai aiki daga gida ya kama gida a wajen tsohuwar ganuwa, cikin gine-ginen da aka gyara, ya riƙa shiga tsohon garin da ƙafa. Minti goma ne ko sha biyar. A ciki rufi gajere ne, daɓen sama a karkace har kujera mai taya tana gangarawa, matakala ƙunci ce da tebur mai tsawon santimita 160 ba zai juya ba, tagogi ƙanana, ɗaki da duhu.

'Yar Katsina: Injiniya, a nan ban bi ka ba. Ka yi lissafin waya da wuta, ba ka yi na mutum ba. Babbar cutar aikin gida kaɗaici ne, musamman a Disamba da rana ke fitowa bayan takwas ta faɗi wajen ƙarfe huɗu. Wanda ke cikin tsohon gari yana sauka ya ga mai burodi, ga kasuwar mako, ga mutane a dandali, komai da ƙafa. Fuska ɗaya ce yake gani kullum har a fara gaisawa. Kuma ba kowane gidan katako ne kango ba. Tun bayan 1990 an gyara da yawa daga ciki, sabuwar waya, sabuwar hita, taga biyu-biyu. A duba gida ɗaya-ɗaya dai.

Abin da zan yarda da kai a kansa shi ne hayaniya. Kada a kama ɗakin da tagarsa ke kallon dandalin kasuwa ko hanyar hawa fadar da ke kan dutse. Masu yawon buɗe ido suna cika wurin da bazara, akwatuna masu taya a kan daɓen duwatsu suna da ƙara, ga ƙararrawar coci. A ƙarshen makonnin kafin Kirsimeti kuma, lokacin da ake buɗe tsakar gidaje ana kasuwa, wurin ajiye mota ma ba ya samuwa. Ɗakin aiki ya kalli tsakar gida.

Injiniya Ɗan Zariya: Na karɓa, in dai gyararren gida ne kuma an ga lissafin hitarsa.

Lauyan Zaure: Kafin a kai ga zaɓen ɗaki, a tsaya a kan takardu, don akwai masu karanta mu daga Kano da Yamai. Jamus ba ta da biza ta musamman ga mai yawo da kwamfutarsa. Bizar ziyara ta kwana 90 cikin 180 ba ta aiki ba ce. Wannan rayuwar da muke magana a kai ta wanda ya riga ya samu izinin zama ce: ta hanyar kamfanin da ya ɗauke shi a nan, ko izinin mai sana'ar kansa, ko ta iyali. Ko shi ma ya karanta abin da aka rubuta a takardarsa, don wasu an ɗaure su da kamfani ɗaya ko wurin zama ɗaya.

In an tare, kwana 14 ake da su a yi rajistar adireshi, wato Anmeldung, da fasfo da takardar shaida daga mai gida. Sakaci yana jawo tara. Fayil ɗinka na ofishin baƙi zai koma gundumar Harz, wadda hedikwatarta ke Halberstadt, kuma kai fayil yana ɗaukar lokaci. In izinin zamanka ya kusa ƙarewa, ya fi kyau ka sabunta kafin ka tashi. A sanar da kamfani da inshorar lafiya da banki. Kuɗin rediyo da talabijin Yuro 18.36 ne a wata ga kowane gida, ko da babu talabijin a ciki.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, tunda aikin na kwamfuta ne, mutum ba zai iya gudun sanyi ya je gida ya yi wata huɗu yana aiki daga can ba? Agogo ma ɗaya ne.

Lauyan Zaure: Agogo ɗaya ne da hunturu, da bazara Jamus tana gaba da awa ɗaya. Amma izinin aiki daga gida ba izinin aiki daga wata ƙasa ba ne. Sai kamfani ya yarda a rubuce, don abin ya shafi haraji da inshora da tsaron bayanai, kuma yin sa a ɓoye yana iya zama dalilin kora. Sannan yawancin izinin zama yana mutuwa in mutum ya wuce wata shida a waje ba tare da ofishin baƙi ya ƙara masa wa'adi ba. Mai Blue Card, wato izinin zama na ƙwararrun ma'aikata, wata 12 ne.

Malam Habu Mai Lissafi: A ɓangaren haraji, tun 2023 ana cire Yuro 6 daga kuɗin shigar da ake biyan haraji a kansu ga kowace ranar aiki a gida, har kwana 210, jimla 1260. Sai dai ma'aikaci dama ana cire masa 1230 kai tsaye, don haka ribar tana fitowa ne in an haɗa da sauran kuɗin aiki kamar tebur, kujera, allo da tafiya ofis. A ajiye rasit, a rubuta ranakun. Mai sana'ar kansa kuma cikin wata ɗaya da farawa zai cike fom ɗin ofishin haraji ta shafin ELSTER.

'Yar Katsina: Zancen tafiya ofis. Jirgin ƙasa mai sauri na ICE ba ya tsayawa a Quedlinburg. Jirgin yanki ne ta Halberstadt zuwa Magdeburg, awa ɗaya da 'yan mintuna, daga nan a canza. Berlin a ba ta awa uku. In kamfani yana son ganinka sau ɗaya a wata, ba matsala. In sau biyu ne a mako, garin nan ba naka ba ne. Tikitin wata-wata na Deutschlandticket yana aiki a jiragen yanki da bas, ban da jiragen dogon zango na ICE da IC. Mai lasisin tuƙi na Najeriya ko Nijar wata shida kawai yake da su bayan rajistar zama, daga nan sai jarabawar rubutu da ta tuƙi.

Sayayya kuma: Lahadi a rufe, Asabar ƙarfe takwas na dare an rufe a wannan jihar. Ranar 6 ga Janairu da 31 ga Oktoba hutu ne a nan, a Berlin ba hutu ba ne. Abokan aiki suna kan aiki, a nan makaranta da kantuna a rufe. A riƙe tsabar kuɗi don ƙananan shaguna da kasuwa.

Malam Liman: Ina so a sa salla cikin lissafi. A Disamba azahar tana shiga bayan sha biyu kaɗan, la'asar kafin ƙarfe biyu, magariba wajen huɗu. Salloli uku cikin lokacin aiki, kuma nan ne aikin gida ya fi ofis sauƙi: a toshe waɗannan mintuna a kalandar aiki. Da bazara magariba tana wuce tara da rabi, kuma daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuli hasken sama ba ya gushewa gaba ɗaya, shi ya sa manhajoji suke saɓani a kan isha da asuba. A bi jadawalin masallaci ɗaya a tsaya a kansa. Akwai masallatan Juma'a a Magdeburg da Halle. Zuwa Magdeburg da dawowa rabin wuni ne, sai a shirya da shugaban aiki a cike awannin a sauran ranaku. Naman halal da kayan miya irin namu a manyan garuruwan ake samu, don haka firiza tana cikin kayan farko da za a saya. A kanti a koyi kalmomin nan a jikin leda, don sukan nuna akwai alade a ciki: Schwein, Speck, Schinken, Schmalz, Gelatine.

Maman Iman: Akwai abin da bai kamata mu tsallake ba. Baƙar fata a ƙaramin gari na gabashin Jamus a fili yake, kowa ya san shi. A zaɓen tarayya na 2025 jam'iyyar AfD mai adawa da shigowar baƙi ta samu kusan kashi 37 a Sachsen-Anhalt, kuma hukumar tsaron cikin gida ta jihar ta ayyana reshenta na can a matsayin mai tsattsauran ra'ayi tun 2023. Ba ina cewa kowa haka yake ba, akwai maƙwabta na gari sosai. Amma mai iyali, musamman mai mata da ke sa hijabi da yara 'yan makaranta, ya kama ɗakin baƙi na sati biyu a Nuwamba, ba a Yuli ba. Ya hau bas da yamma, ya shiga kanti, ya je filin wasan yara, ya ga yadda ake kallonsa kafin ya yanke shawara.

Ta wani gefen jihar tana da sauƙi ga masu ƙananan yara, don doka ta ba yaro haƙƙin gurbi a gidan reno tun daga haihuwa. Kada a ɗauka za a iya aiki da jariri a cinya.

'Yar Katsina: Kuma Jamusanci dole ne a nan, Turanci ba ya kai mutum nesa a ofis ko wajen likita. Hanyar shiga jama'a ƙungiya ce: ta wasanni, ta 'yan kwana-kwana na sa-kai, ko ajin yamma na makarantar manya ta gunduma. A kiyaye shiru daga goma na dare zuwa shida na safe da ranar Lahadi. A gidan katako sauti yana ratsa daɓe, mai taro da Amurka da daddare ya sa abin kunne ya shimfiɗa darduma mai kauri ƙarƙashin kujera. Karɓar wa maƙwabci saƙon da ɗan aike ya kawo kuwa, tunda kana gida wuni, yana buɗe ƙofa da wuri.

Baban Walid: Likita fa? Ba wanda ya taɓo.

Maman Iman: A nemi likitan iyali tun ana lafiya, don da yawa a yankin sun cika ba sa ɗaukar sababbi. A kira da safe, a tambayi garuruwan kusa kamar Thale da Halberstadt. Lambar 116117 ta ciwon da ba na gaggawa ba ce, da dare ko ƙarshen mako, tana kuma taimakawa wajen samun ganin likita. Ta gaggawa 112. Mai aiki daga gida in ba shi da lafiya ya sanar da kamfani tun safe kamar kowa. Doka ta ce takardar likita in ciwo ya wuce kwana uku, amma wasu kamfanoni tun ranar farko suke nema, don haka a duba abin da ke cikin takardar ɗaukar aiki.